Ranar da Muka Daɓe Ramin Tsalle

Yarinyar nan yaye aka kawo mini ita. 'Yar ɗana ce, ɗana na biyu, wanda yake tuƙin babbar mota a Maigatari. Aka ce ta yi wata biyu a wurina, ta manta da nono, a mayar da ita. Wata biyu ya wuce, shekara ta wuce, ba wanda ya zo ɗaukarta, ni kuma ban aika a zo ba. Ta girma a ɗakina, a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, tana kwana a bayana, tana ce mini Kaka, ina ce mata ƙawata.

Tun tana rarrafe na san Allah bai yi ta don zama ba. In aka aike ta, kafin mutum ya gyara ɗaurin zane ta dawo. In akuya ta tsinke, ita ke kamo ta. Katangar karan gidanmu kuwa ba ta san tana da ƙofa ba, ta sama take bi.

Da ta isa, aka sa ta boko. Ni ban yi ba, ko ƙofar makarantar ban taɓa shiga ba, amma na so ta yi. Makarantar ɗaki huɗu ce a bakin gari, rufin kwano, in rana ta take kamar an kifa wa mutum tukunya. Nan ake zaunar da su tun safe har azahar. Ita kuwa karatu ya ƙi shiga. Shekara uku tana zaune a layin baya, ƙafa na rawa, ido na taga. Sai ta fara guduwa. Za ta sa kayan makaranta, ta yi mini sallama, ta fita, da hantsi a zo a ce an gan ta a gindin aduwa tana jifa, ko tana bin 'yan matan ruga da shanunsu.

Labari ya kai wa ubanta. Ya kira a wayar maƙwabcinmu, aka miƙo mini.

Ya ce, "Inna, tunda ba ta so, kada a wahalar da kowa. Uwarta na sayar da abinci a tasha, hannu ya yi mata kaɗan. In na zo na tarar tana gudun nan, zan taho da ita."

Na ce, "Tasha?"

Ya ce, "Tasha, Inna. Ai mutane ne a can."

Na san tashar. Na san yarinya 'yar shekara tara mai wanke kwano a tsakanin direbobi ba ta komawa aji. Na kuma san ɗakina in babu ita.

Ana nan, ana nan, sai aka turo wata sabuwar malama daga Gumel. Yarinya ce siririya, ba ta fi 'yar autata ba, da usur a rataye a wuya. Takan kwana a gidan mai gari tun daga Litinin, ranar Juma'a ta hau mota ta koma gida. Ita ce ta ce yara ba za su wuni a ɗaki ba. Sau biyu a mako takan fitar da su filin da ke bayan makaranta. Su yi gudu, su yi tsalle, su ƙirga taku daga wannan bishiya zuwa waccan, su auna inuwar darbejiya da safe su sake aunawa da rana, su rubuta a kan rairayi da yatsa.

Ƙawata ta sauya. Ni na ga abin da idona. Ita ke tashe ni sallar asuba. Ita ke wanke kayanta ta shanya ba a ce mata ba. Wata rana ina daka na ji tana ƙirga bugun taɓarya a bayana, har ta kai ɗari da wani abu ba ta yi tuntuɓe ba. Na ce ina ta samo wannan? Ta ce, "Kaka, daga darbejiya zuwa aduwa taku ɗari da goma ne nawa. Na Malama tamanin ne, ƙafarta ta fi tsawo." Kwana ashirin da wani abu ba a zo an ce an gan ta a daji ba.

Sai kaka ta yi, ciyawa ta bushe, filin ya nuna halinsa. Karangiya ta cika shi, tana kama wando tana kama zane. Wadda ta fi ta sharri ita ce tsidau, ƙayar nan mai ƙahoni da ke kwance cikin rairayi tana jiran tafin ƙafa. Yaranmu silifas gare su, in sun yi gudu silifas ya tashi ya bar su. Kullum sai an cire wa wani ƙaya. Har wata yarinya ƙafarta ta kumbura ta yi ruwa, aka kai ta asibiti a kan babur. Iyaye suka taru a kan hedimasta. Shi kuwa dattijo ne mai gudun magana, ya ce shi ke nan, ba wanda zai sake fita. Maza suka ce za su gyara, suka sa wa filin wuta. Wuta ta ci ciyawa ta bar tsidau a inda take, sai ma ta ƙara mata tauri.

Kwana huɗu da rufe su a ɗaki, aka zo aka ce mini an ga ƙawata a gindin aduwa.

Ranar Alhamis na yafa mayafina na nufi makarantar. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama kamar mai shiga gidan surukai. Hedimasta ya taso da sauri ya ba ni kujerarsa, na ce a'a, tabarma.

Na ce, "Malam, me zai sa a sake fitar da yaran nan?"

Ya ce, "Iya, in filin nan ya zama ba ƙaya. Amma wa zai tsince tsidau ɗaya bayan ɗaya? Mun rubuta takarda a taimaka mana, muna jira."

Na ce Malama ta nuna mini wurin. Ta kai ni, ta nuna daga darbejiya zuwa aduwa, faɗinsa kamar a shimfiɗa tabarma uku. Ta ce ko nan kaɗai ta samu ya ishe ta. Tana cikin magana aka buga ƙarfen shiga aji, ta ce in yi haƙuri, ta tafi da sauri. Ni kuma ban gaya mata abin da ke raina ba. Na ga in na faɗa ya ƙi yiwuwa, tsohuwa ta ji kunya a gaban yarinya.

Abin da ke raina daɓe ne. Yaran yanzu ba su san shi ba, tunda siminti ya zo. A zamaninmu in an gina sabon ɗaki, mata ake gayyata. A zuba jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mu jeru a durƙushe kowa da madaɓinta, itace mai faɗin baki, mu yi ta bugu muna waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi santsi. Sannan a shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ta ƙara mata ƙarfi da duhu. Ɗakin da muka daɓe, kunama ba ta samun wurin ɓuya, balle ƙaya.

Na fara da maƙwabciyata mai ƙosai, wadda muka zo garin nan a shekara ɗaya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ke dai tsufa ya taɓa miki kai. Ɗaki ake daɓewa, ba daji ba. Wa ya taɓa daɓe daji?"

Na ce, "Mu."

Ta ce, "Da wane ƙugun? Ni in na durƙusa sai an kira mutum biyu."

Na ce, "Za a kira."

Ta yi tsaki, ta shiga ɗaki, ta fito da madaɓinta. Shekara goma yana tokare ƙofa. Haka muka bi gida gida. Wata nata kaji ke kwana a kai. Wata ta ce an daɗe da hura wuta da shi, amma za ta zo da guntun turmi. Na aika wa ƙanwata a Gagarawa, ta sa buhun ɓawon ɗorawa a motar haya. Matar Ardo ta ruga, wadda nake sayen nono a wurinta, ta ce jikokinta uku suna makarantar, amalanke da shanu biyu suna hannuna har in gama.

Juma'a da la'asar, bayan Malama ta tafi Gumel, muka fara da ƙaya. Muka ɗaure tsofaffin barguna da buhunan algarara a jikin doguwar sanda, muka yi ta ja a ƙasa, karangiya na mannewa, mu kai gefe mu ƙone. Tsidau kuwa ɓawon kabewa muka sa mata. A danna shi a ƙasa a ɗaga, sai ka ga ya fito da ita kamar bushiya. Bayan nan muka kwashe rairayin saman da ƙwarya, muka share har sau uku. Asabar tun da sassafe amalanke ya yi ta kawo jar ƙasa daga kududdufi. Yara suka yi ta ɗebo ruwa, ƙawata a gaba.

Mu goma sha huɗu ne muka durƙusa. Wadda ta fi ƙuruciya a cikinmu ta aurar da jika. Aka sa wata tsohuwa mai haƙori ɗaya ta ba da waƙa, don ita kaɗai ta rage mai riƙe da baitocin, mu muna amsawa, madaɓai na sauka tare. Da farko hannuwa sun manta, wannan ta buga waccan ta makara. Can sai jiki ya tuna. Ƙasa ta fara amsawa, har ana jin ta a cikin gari. Matan aure suka leƙo ta saman danga. Maza suka zo suka tsaya daga nesa, hannu a baya.

Mai ƙosai ta ɗaga kai ta ce musu, "Ku matso mana, masu wuta! Ko akwai sauran abin da ba ku ƙona ba?"

Wani ya ce, "Gwaggo, ai mun yi iya yinmu."

Ta ce, "Mun gani. Kun gasa wa yara ƙaya, saura gishiri."

Lahadi da hantsi muka kai gindin aduwa, ƙarshen wurin. Nan muka tarar da wani abu. Wani wuri ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya fi tabarma, cike da farin rairayi mai laushi. Na taka, ƙafata ta nutse har idon sawu. Muka kewaye shi. Wata ta ce tsohuwar rijiya ce ta rufta. Wata ta ce gidan gara ne.

Ƙawata ta ajiye bokiti ta ce, "Kaka, wurin tsalle ne. Malama ce ta sa aka haƙa, mu muka ɗebo rairayin. A ciki ake faɗawa."

Mai haƙori ɗaya ta ce, "Tsalle a cikin rairayi? Yarinya, mun yi tsalle a dandali kafin a haifi ubanki. Wurin da ya fi tauri ake nema, ƙafa ta samu abin dogara."

Ta ce, "A'a, Iya, ba a nan ake tashi ba, a nan ake..."

Na ce, "Ƙawata, manya na magana."

Ta dube ni, ta ɗauki bokitinta. Mu kuwa muka yi shawara. Muka ce baiwar Allah Malama ta so ta gyara wurin tsalle, ba ta samu mai daɓe mata ba, shi ya sa ta zuba rairayi ta bari. Tunda nan ne yara za su fi dukan ƙasa da ƙafa, nan ya kamata ya fi ko'ina ƙarfi. Muka kwashe rairayin tas. Muka cika ramin da jar ƙasa hawa hawa, kowane hawa sai mun daɓe shi kafin mu zuba na gaba. Makubar da ta rage duka a nan muka juye. Da muka gama, wurin ya yi baƙi yana ƙyalli kamar bayan tukunya. Na tsaya a kansa na ce ko ɗakin amarcina bai samu irin wannan ba.

Litinin da safe muka yi wanka, muka sa zannuwan fita, muka je muka zauna a inuwar darbejiya kamar ba mu san komai ba. Malama ta sauka daga babur, jaka a kafaɗa. Ta zagayo bayan aji ta tsaya cak. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta cire takalmanta, ta hau, tana tafiya a hankali tana shafa ƙasa da tafin ƙafa. Ta juyo ta ce, "Su Iya, ku ne?"

Mai ƙosai ta ce, "A'a, aljanu ne. Mu ma yanzu muka gani."

Ta ci gaba da tafiya, muna bin ta a baya, har gindin aduwa. Na matsa kusa don in ga fuskarta in ta ga wurin da muka fi yi wa aiki. Ta tsaya a kai. Ta duba hagu, ta duba dama. Ta buga diddige, ƙasa ta yi ƙara kamar dutse. Ta ce, "Ina ramina?"

Na ce, "Ga shi kina kai. Hawa biyar muka yi masa."

Sai ta durƙusa, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce ta hana ta numfashi. Da ta samu kanta ta riƙe hannuna ta ce, "Iya, ki yafe mini, ba ku nake yi wa ba. Yaro yakan taho da gudu ne daga can, ya tashi sama, ya faɗo a nan da duk nauyinsa. Laushin ne ke tare masa ƙashi. In ya faɗo a kan wannan, sai dai a kira mai ɗori."

Na waiwaya, ga ƙawata a bakin taga tana kallona. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gaban ɗan da na goya. Na yafuto ta. Da ta zo na ce, "Kin faɗa, ban ji ba." A gaban mutane na faɗa.

Aka kira maza da diga. Ƙato na farko ya ɗaga ya sauke, diga ta yi tsalle ta dawo masa. Na biyu ya karɓa, ya yi gumi, ya ɓantaro abin da bai fi tafin hannu ba. Mai gari da ya zo kallo ya ce a bar musu haka, in ya so a riƙa sallar idi a kai. Tun hantsi suke sara har azahar kafin su kai ƙasan ramin. Ba zan ɓoye ba, duk saran da diga ta yi ta dawo, sai na ji wani abu ya yi mini daɗi a ƙirji, ko da yake kuskure ne muka daɓe. Mai haƙori ɗaya kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda cewa kuskure ne ba.

Malama ta ce hanyar gudun ma tana son ɗan rairayi a sama, kada mai faɗuwa ya goge gwiwa. Muka ɗebo, muka tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwo, don kada ƙaya ɗaya ta biyo, muka barbaɗa. Na ramin ma haka muka tankaɗe shi.

Saura hedimasta. Washegari ya zo ya tsaya ya ce aiki ya yi kyau, amma shi ne za a kama in wani abu ya faru. Na ce, "Malam, cire takalminka." Ya dube ni. Na ce, "Ƙafarka ta fi ta yaran nan laushi, kullum tana cikin safa. In ka je ka dawo ba ka tsaya ba, ka buɗe musu." Ya cire, ya naɗe ƙafar wando, ya taka daga darbejiya zuwa aduwa ya dawo, yara na leƙe ta taga. Ya ɗaga tafin ƙafarsa ya duba, ya duba ɗayan. Ya ce, "Malama, busa usur ɗinki."

Bayan mako biyu ubanta ya zo, ranar Talata, a kan babur ɗin aro. Ya gaishe ni, ya sha ruwa, ya ce an gaya masa ta sake guduwa, in haɗa mata kayanta. Na ce gaskiya ne ta gudu, kwana huɗu. Na ce kayan ba su da yawa, ba za su ɗauki lokaci ba, amma ya fara raka ni wani wuri.

Muka tarar da su a fili. 'Yan mata sun yi layi, wando da ɗan hijabi, ana tsalle. Muka tsaya a bayan aduwa. Da aka zo kanta, ta ja baya, ta tofa yawu a hannu kamar yadda kakanta yake yi in zai ɗauki garma, ta taho. Ban ga ƙafafunta ba. Na dai ga ta tashi, hijabi ya buɗe, ta sauka can ƙarshen ramin, rairayi ya watsu. Yara suka sa ihu.

Ya ce a hankali, "Wannan tawa ce?"

Na ce, "A'a, tawa ce."

Malama ta miƙa mata abin awo irin na tela, ta ce ta auna da kanta. Ta durƙusa ta auna, ta faɗi lambar, ta je ta rubuta a allon da aka jingina da bishiya. Sannan aka ce ta kira mai bi mata. Ta sa yatsa a kan allo, tana haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe. Ta yi kuskure ta koma baya. Amma ta kira sunan, yarinyar ta fito.

Malama ta hango mu ta zo ta gaisa. Ya tambaye ta gaskiya, yarinyar nan za ta yi karatu? Ta ce, "Baba, ba zan ce maka ita ce ta ɗaya ba. A hankali take tafiya. Amma tun da aka buɗe filin nan ba ta rasa rana ɗaya ba, kuma abin da ta koya a waje tana shiga da shi ciki. In ka cire ta yanzu, a nan zai tsaya."

Muka koma gida, ya zauna a kan turmi yana juya makullin babur a hannu. Da aka tashi ta shigo, ta gan shi, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ƙaraso ba. Ta san abin da ya kawo shi.

Ya ce, "Zo nan, sarkin gudu."

Ta matso. Ya zaro kara daga jikin danga, ya ce ta taka ƙasa sosai. Ya ɗora karan a gefen ƙafarta, daga diddige zuwa babban yatsa, ya ƙara kaɗan saboda girma, ya karya.

Ta ce, "Baba, na mene ne?"

Ya ce, "Akwai takalmin gudu a kasuwarmu, mai igiya. Jibi Alhamis zan duba. Wa zan ba ya kawo miki, tunda kina nan?"

Ya sa karan a aljihun gaba, ya yi mini sallama, ya tada babur shi kaɗai.